Sagau ɗin Turawa

Jiya da dare kuran ya ɗauke a unguwarmu nan Tawa, ga zafi, ɗaki ba ya shiguwa, sai munka baza tabarma waje ni da ƙanena muna kallon fim ɗin Harry Potter na farko, na 2001, labarin yara 'yan makarantar tsafi, a wayarshi. Da anka zo wurin da Hermione, abokiyar Harry, ta nuna ma ɗan ajinsu Neville sandar tsafi ta ce Petrificus Totalus, yaro ya sandare, hannuwa sunka manne da jiki, ƙafafu sunka haɗe, ya faɗi tim kamar icce, sai kawuna da ke shan shayi gefe ya leƙo ya ce "to mi ne na mamaki, ai wanga sagau ne".

Mun sha dariya wallahi, amma na kwana ina juya maganar, kuma ni ban yarda da kawu ba. Sagau yadda tsofaffi ke faɗi, wanda ya ɗaga hannu zai buge ka shi ne hannunshi ke sagewa, wato sai ka nemi mutum da faɗa kafin abin ya kama ka. Shi ko Neville mi ya yi? Tsayawa ya yi bakin ƙofa, ya dunƙule hannu ya ce zai yi faɗa amma bai bugi kowa ba, don kada abokanshi su fita da dare su ja ma Gryffindor, gidansu na makaranta, asarar maki, bawan Allah.

Abin da ya fi ban tsoro, mutum ba suma yake ba. Idonshi na motsi, shina ji shina gani, baki ne dai da jiki babu. A littafin Harry Potter na shida Malfoy, abokin gabar Harry, ya jefe shi da wanga tsafi cikin jirgin ƙasa, ya taka mishi fuska har hanci ya karye, ya lulluɓe shi da mayafin ɓata (layar zanarsu kenan) ya yi tafiyarshi. Kuma can saman hasumiya Dumbledore, shugaban makarantar, da kanshi ya sandarar da Harry don ya tsira, yaro na kallo Snape, wani malamin makarantar, ya kashe Dumbledore ko yatsa bai iya ɗagawa, sai da tsohon ya mutu sannan jiki ya saku. A ce wai 'yar aji ɗaya irin Hermione ta iya wanga abu, haba.

Ƙanena ko tun safe shina bin akuyar gidanmu da muciya yana ta Petrificus, ita kuma tana cin harawarta.