Layin da Kyaftin ya nuna mini a takardar albashi

Ranar da na fara shiga Nima, unguwarmu a Accra, da kayan aikin matuƙin jirgin sama, igiya biyu a kafaɗa, yaran layinmu har ƙofar gida suka rako ni. Hajiya ta soya waina ta raba sadaka. A wajen mutanen Zango na riga na haye. Ni kuwa bashin makarantar tuƙin jirgi da na yi a Afirka ta Kudu yana wuyana, ga filin Kawu da aka sayar aka cika kuɗin.

Abu na farko da na gane shi ne, a wannan sana'a ranar da aka ɗauke ka ita ce matsayinka. Lambar da aka ba ka a jerin matuƙa ita ke nuna yaushe za ka zaɓi hutu, yaushe layi zai zo kanka ka koma kujerar hagu, ta kyaftin. Kafin nan sai ka tara awa 1,500 a sama ka sami babban lasisi. A yawancin manyan kamfanoni, in ka sauya wuri sai ka koma ƙarshen layi, komai furfurarka.

Amma darasin da ya fi shiga jikina wani dattijon kyaftin ne ya ba ni, muna jiran a gama zuba mai kafin mu tashi zuwa Kumasi. Ya ji ina murnar albashi, sai ya ce, "Ɗana, miƙo takardar in gani." Ya sa yatsa a layin farko, wato asalin albashi, ya rufe sauran da tafin hannu: alawus na awannin tashi, kuɗin kwana a waje, kuɗin mota. Ya ce, "Wannan kaɗai fansho ya sani."

Gaskiya ya faɗa. Dokar fansho ta Ghana ta 2008 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 5.5 cikin ɗari, kamfani ya ba da 13, jimla 18.5. A ciki 13.5 na tafiya SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, wato mataki na farko, 5 kuma asusun mataki na biyu, duk a kan asalin albashi ake lissafawa. Kuma sai ka biya wata 180, shekara 15 ke nan, kafin ka cancanci fanshon wata-wata. Shekara 15 ba wasa ba ce a ƙasar da Ghana Airways ta durƙushe, kamfanin da ya gaje ta ma ya rufe a 2010. A 2020 kuma da idona na ga jirage jere a ƙasa lokacin korona, alawus ya tsaya cak, abokaina da suka tafi ƙasashen Larabawa wasu suka dawo da akwatunansu.

Ga kuma likita. Duk shekara sai an auna ido, kunne, zuciya da hawan jini. Ranar da takardar lafiya ta faɗi, tuƙi ya tsaya ko kana da shekara 35. Wanda ya tsira ma, a shekara 65 yake ajiye tuƙin jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa.

Daga wannan wata na buɗe asusun fansho na mataki na uku, wanda mutum ke zubawa don ganin damarsa, na kuma yi inshorar rasa lasisi. Da na gaya wa Hajiya kuɗin cefanen da nake kawowa zai ɗan ragu, ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya sa albarka, amma ka fara biyan Kawunka." Saura zubi uku in gama biyansa.