Mai gona daban, mai shuka daban

A damunar 2022, da kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa, ina cikin malaman gona da aka tura ƙauyukan Auyo, a jihar Jigawa, mu rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu, don a ba su tallafi. Abin ba baƙo ba ne a yankin. Ruwa na gangarowa daga Kano, ta madatsun Tiga da Challawa, ya tarar ciyawar kacala ta toshe masa hanya, sai ya fantsama cikin gonaki. Amma na waccan shekarar ya wuce misali, shinkafa ta fara fid da kai ya shanye ta.

Takardar da aka ba mu gurbi huɗu gare ta: sunan mai gona, girman gona, lambar waya, lambar asusu. Da rawar kan sabon ma'aikaci na ɗauka iyakar aikin ke nan. A shimfiɗa tabarma a ƙofar dagaci, a yi layi, in rubuta.

A ƙauye na uku, bayan an watse, wani magidanci ya biyo ni inda na kafe babur, busasshiyar laka har gwiwarsa.

"Malam, eka biyun nan da Alhaji ya rubuta, ni na noma ta."

"To ta wace ce?" na tambaya, ina ƙoƙarin tada babur.

"Tasa ce. Haya na karɓa, na biya tun kafin ruwa ya sauka. Irin nawa ne, takin kuma bashi na ci."

Na ce masa ai takarda mai gona ta tambaya. Ya dube ni ya ce, "Shi ƙasarsa tana nan ƙarƙashin ruwa, ranar da ya janye zai same ta. Ni me zan samu?"

Na rasa ta cewa. Washegari na koma wurin dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, a sake kiran mutane." Wannan karon tambayata ɗaya: wa ya shuka? Nan na ga abin da na tsallake. Masu haya, masu aro, masu riƙe da jingina, da matan da gayaunarsu ta shige cikin gandun maigida, babu ko ɗaya a takardata. Wasu masu gonakin fuska ta ɓaci, wani har ya daina amsa sallamata. Dagacin dai ya tsaya, don ya san wanda ya sunkuya a kowace gona.

Lambar asusu ma wata rigima ce. Da yawa ba su da shi, sai su ba da na ɗa da ke birni ko na mai POS, kuɗi ya shigo ya fita da giɓi.

Sai kuma jinkiri, wanda ba a hannuna yake ba. Tallafi ya zo bayan an fara noman rani, mutane sun riga sun sayar da awaki sun sayi iri da man injin ban ruwa.

Sunan magidancin nan a bayan shafi na rubuta shi da biro, na yi ta bin sa har ya shiga jeri. Ranar da kuɗin ya shigo ya kira ni, ya ce daga wurin mai POS rumfar mai taki ya zarce.