Daga hayaƙin Kura zuwa soron Kawu

Da hantsi muka bar Zariya, cikin watan Nuwamba, an gama yankan shinkafa. Tafiya lafiya lau har muka wuce Kwanar Ɗangora. Muna dosar Kura direba ya ce kowa ya ɗaga gilashi. Hayaƙi ne ya rufe titi, fari fat, har sai da motocin gabanmu suka kunna fitila da rana tsaka. Manoma sun gama bugu, sun tara karan shinkafa tuli-tuli sun banka masa wuta, don suna sauri su share gona su sa tumatir da alkama da ruwan madatsar Tiga. Wata dattijuwa a gefena tana tari tana salati. Wani fasinja ya ce ai ba laifin manoma ba ne, shanu ma ba sa marmarin karan kamar yadda suke wa harawa, kuma ba mai saye.

Na sauka a Unguwa Uku idanuna na yaji, na hau adaidaita sahu muka shiga gari ta Ƙofar Nasarawa. Gidan Kawu a Yakasai yake, lungu cikin lungu. Tsohon magini ne, ƙarfi ya ƙare amma baki bai mutu ba. Gidan nasa rabi da rabi ne: soron ƙasa da ya gada, sai ɗakuna biyu na bulo da kwano da ya yi wa yara. Shi kansa ba ya kwana a na bulon. Cewa yake yi wanda ya kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano ya san abin da gurasa take ji a tanderu.

Ina ba su labarin hayaƙi sai ɗansa na uku, mai karatun injiniya, ya miƙe ya ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Ya jingina tsani a ɗakinsa, ya ɗaga allon silin guda. Na leƙa da fitilar waya. Tsakanin kwano da silin ya jera karan shinkafa, an danne shi an ɗaure tamau kamar katifa, kaurinsa ya kai taƙi guda, an shafe samansa da ƙasa. Na sa hannu a kwanon, ya ƙone ni. Na shafa ƙasan silin, ɗumi-ɗumi kawai. Ɗakin ƙaninsa da ke jikin nasa kuwa, minti biyar na yi a ciki na fito da gumi.

Sanyin ɗaki ne ya burge ni, amma shi abin da ya dame shi daban. Ya ce shuka tana girma ne da iskar kabon da take zuƙa daga sama, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin busasshen kara kabon ne. Ke nan kilo ɗaya na kara ya riƙe abin da ya kusa kilo ɗaya da rabi na wannan iskar mai ɗumama duniya. In an ƙona, a take ta koma sama. In an bar shi ya ruɓe, a hankali ta koma. In kuwa aka cusa shi a rufi ko bango ya zauna a bushe, tana nan a ɗaure muddin ginin yana tsaye. Siminti kuma akasin haka ne, yin sa kaɗai yana fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya take fitarwa. Ya ce a Nebraska ta Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19 ake gina gida da ɗaurin kara, akwai ma wani a garin Montargis na Faransa da aka gina a 1920, har yau yana tsaye.

Kawu yana kan buzu yana jinmu. Ya ce, "Kai yaro, Faransa za ka kai mu?" Ya sa aka kama shi ya tashi, ya je kusurwar soro inda damina ta ɗan zaizaye, ya ɓantaro ƙasa ya murtsuke a tafin hannu. Ga siraran ciyawa nan, ja-ja, ba su ruɓe ba. Ya ce wannan ramno ne, mahaifinsa ya tattake shi da ƙafa cikin jar ƙasa kafin a mulmula tubali, aka yi rufi da azarar giginya, aka yi yaɓe da makuba. Ya ce in ina musu in je Gidan Makama in dubi kaurin bango, gidan da asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, ƙarni na 15.

Ni dai a ganina kowa da gaskiyarsa, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Soron Kawu kaurin ƙasa ne yake shanye zafin rana ya sake shi da dare, ciyawar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Na yaron kuwa iskar da ta maƙale tsakanin kara ce take tare zafi, kuma shi ne zai ci karan da yawa.

Sai Kawu ya jefo tambayoyin magina: gara fa? Ɓera fa? In kwano ya yi yoyo fa? Yaron ya ce kara in ya dannu sosai wuta ba ta samun iskar da za ta ci shi da sauri, balle an shafe shi da ƙasa, kuma wayar lantarki a cikin bututu ya sa ta. Batun yoyo ya amsa cewa shi ne babban abokin gaba. Batun gara ya yi shiru. Kawu ya ce to a bari damina biyu ta wuce tukuna.

Kwana biyu na yi. Da zan koma yaron ya roƙe ni in tambayo masa kuɗin kara a Kura. Da muka tsaya shan mai na tsallaka wurin wani manomi da ke tara nasa, ashana a hannu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce in kwashe duka kyauta, in dai zan kawo mota kafin la'asar. Na tambayi wani mai a-kori-kura nawa zai kai lodi ɗaya Yakasai. Da ya faɗi kuɗin, na kira yaron a waya na gaya masa, na ji Kawu daga nesa yana tambaya ko da jakin za a haɗa.