Gida mai lamba 209

Asabar da dare, Leiden.

Ban daɗe da idar da sallar asuba ba saƙon Yaya ya shigo: an sami dillalin da zai kwashe kayan ɗakin marigayi Kaka gaba ɗaya, a raba kuɗin a huta. Ban ba shi amsa ba. Na sa rigar sanyi na nufi tasha, domin tun makon jiya na ƙudura zuwa Amsterdam in ga wani gida.

Ana yayyafi na isa Keizersgracht. Magudanar ruwa ce da aka haƙa a tsakiyar gari, dogayen gidajen attajiran da sun jeru a gefenta, masu keke na ta kaɗa mini ƙararrawa ina ƙirga lambobin ƙofofi. A 209 na tsaya. Nan Gerrit Reynst ya zauna, a gidan da ake kira De Hoop, wato Fata. A darasin tarihin gidajen adana kayan tarihi na fara jin sunansa, kuma tun ranar ya ƙi fita daga raina.

An haife shi a 1599. Mahaifinsa shi ne gwamna-janar na biyu na kamfanin Holan mai fatauci a tsibiran da a yau ake kira Indonesiya, ya rasu a Jakarta a 1615. Gerrit ya riƙe kasuwancin gidan a Amsterdam, ƙanensa Jan kuma ya tare a Benis ta Italiya. Can Jan ya sayi tarin kayan wani basarake, Andrea Vendramin, bayan mutuwarsa, aka yi lodinsu zuwa arewa. Da Jan ya rasu a 1646 komai ya dawo hannun wan. Zane-zanen Italiya sama da 200, sassaƙe-sassaƙen dutse wajen 300, yawanci na Rumawan da, duk a bayan ƙofar nan. Manyan baƙin gari kan zo kallo.

Ni dai mutum-mutumi bai taɓa burge ni ba, tarbiyyarmu ba ta ba shi wuri ba. Mutumin ne ya kama ni. Ɗan kasuwa ne da ya san ribar kowane kaya, ya kuma ɗauki dukiya ya zuba a kan kawunan dutse masu karyayyen hanci, waɗanda ba a ci, ba a sawa. Na san irinsa. Kaka ya yi fataucin goro tsakanin Kano da Kumasi, kuma duk tafiya sai ya dawo da abin da ba na sayarwa ba: littafi rubutun hannu a cikin gafaka, takobi, tasar tagulla, ma'aunin zinariya ƙanana kamar kan yatsa. Hajiya takan ce, "Alhaji, wannan kuma na mene ne?" Sai ya yi murmushi ya kulle adaka.

A 1658 Gerrit ya faɗa cikin ruwan nan na Keizersgracht ya nutse. Na matsa bakin gaɓa na leƙa. Ruwan kore-kore ne, shiru, ganye na yawo a kai, ga wata agwagwa tana bin gefen wani kwalekwale da aka rufe da tamfol. Babu shinge, taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Jikina ya yi sanyi, na ja baya.

Shekara biyu kacal tarin ya yi a haɗe bayansa. A 1660 majalisar lardin Holan ta so faranta wa Sarki Charles na biyu da ya koma gadon sarautar Ingila, sai ta sayi zane 24 da sassaƙa 12 mafi kyau daga hannun matarsa, Anna Schuyt, kan gilda 80,000, kuɗin Holan na lokacin, ta aika masa kyauta. Sauran suka watsu hannu-hannu. Wasu duwatsun sun biyo ta hannun Gerard van Papenbroek, wanda ya bar wa jami'ar Leiden tarinsa, suna gidan tarihin da nake wucewa ta ƙofarsa kullum.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kafin ya mutu ya sa masu sassaƙa hoto a farantin tagulla su kwafi kayansa ɗaya bayan ɗaya. Bai ga ƙarshen aikin ba, bayan rasuwarsa aka buga. Da waɗannan takardu ne masana yau suke bin sawu, su ce wannan kan dutsen daga gidan Reynst ya fito.

A cikin jirgin dawowa na kira gida.

"Yaya, don Allah a dakatar da dillalin nan zuwa Juma'a."

"Kai ma ka san magada sun matsa. Ko kana da kuɗin saye ne?"

"Littattafan zan saya, a cire daga rabona. Sauran kuma ka sa yara su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗauki hoton kowanne, gaba da baya. A tambayi Hajiya inda ya samo su tun tana iya tunawa, a rubuta."

Ya yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce makullin adakar ma yana ɗaure a bakin zanenta, sai dai in ni zan roƙe ta.

Gobe bayan azahar zan kira ta.