Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Jamie Vardy Ya Hana Ni Barci

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya ne a inda na samu aiki a wata masana'antar roba da ke Sharada, ina shiga da sassafe in fito bayan la'asar, da dare kuma in zauna a bakin ƙofar gidan kallon Kawu ina karɓar kuɗin shiga. A 2015 ke nan, ina da shekara 28. A lokacin shekarata 11 rabona da sa takalmin ƙwallo. Wanda ya karanta kashi na huɗu zai tuna dalili. Ranar da aka je zaɓen 'yan wasa, koci ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, kana da ƙafa, jiki ne ba ka da shi. Je ka ci tuwo ka dawo." Ban koma ba.

Gidan kallon Kawu rumfar kwano ce, da benci goma sha biyu, talabijin biyu, sai janareto a baya da sai an lallaɓa shi yake tashi. Masu zuwa kuwa kowa da gidansa: 'yan Man U, 'yan Arsenal, 'yan Chelsea, sai 'yan Barcelona da Madrid da ba sa ga maciji. Leicester City ba ta da ko mutum ɗaya. Ina ma za ta samu? A kakar da ta gabata watanni ta yi tana kwance a ƙasan teburin Firimiya, sai a ƙarshe ta ci wasa bakwai cikin tara ta tsira da kyar. Idan wasanta ya zo daidai da na wata babbar ƙungiya, ko tambaya ba a yi, a canza tasha kawai.

Sai ga shi tun daga ƙarshen watan Agusta wani siririn Bature mai lamba 9 a Leicester, Jamie Vardy, ya fara zura ƙwallo duk mako. Ya fara da fenareti a gidan Bournemouth, daga nan bai ƙara fita fili a gasar Firimiya ya dawo hannu rabbana ba. Hannunsa ma a naɗe yake saboda karaya da ya samu a wuyan hannu, haka yake buga wasa. Da ya ci Newcastle ranar 21 ga Nuwamba, ya cika wasa 10 a jere yana cin ƙwallo, ya kamo tarihin da Ruud van Nistelrooy ya kafa a Manchester United tun 2003. Wasa na gaba kuma da wa? Da ita United ɗin.

Ana gobe wasan, ƙanina da ke jami'a ya same ni a soro ina cin abinci. Ya ce, "Yaya, ka san wannan Vardy ɗin sa'anka ne? Kuma shi ma a masana'anta ya yi aiki." Na ce ya daina zolaya. Ya zauna ya buɗe wayarsa yana karantowa yana mayar mini da Hausa, har tuwon ya huce a gabana.

An haife shi a Sheffield ranar 11 ga Janairu, 1987. Tun yana yaro yake makarantar horon Sheffield Wednesday, ƙungiyar da yake mutuwar so. Yana shekara 16 suka sallame shi, wai ya yi ƙanƙanta. Da ƙanina ya zo nan sai da na ce ya maimaita. Maganar da aka faɗa mini a Kano, ita aka faɗa masa a Ingila. Shi ma ya yi fushi ya jingine ƙwallo na wani lokaci. Amma ya dawo, ya shiga wata 'yar ƙungiya mai suna Stocksbridge Park Steels, can a mataki na takwas idan ka ƙirgo daga Firimiya. Fam 30 ake ba shi a mako. Abin da yake ci da shi kuwa aikin masana'anta ne, inda ake ƙera irin abin da likitoci ke ɗaura wa masu matsalar ƙafa don ya tallafe ta. Ya wuni a tsaye yana ɗaga kaya, da yamma ya tafi atisaye.

A 2007 kotu ta same shi da laifin duka bayan wani faɗa a ƙofar mashaya. Shi dai ya ce abokinsa mai matsalar ji ake yi wa ba'a, ya shigar masa. Aka ɗaura masa na'ura a idon sawu na wata shida, da sharaɗin ƙarfe shida na yamma ta yi masa a gida. Idan wasa ya yi nisa sai a cire shi kafin a tashi, ya kama hanya a guje don kada lokaci ya ƙure masa. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Mutum yana da dalilin da ya fi nawa sau goma na ya ce ya haƙura, ga tabon kotu, ga gajiyar aiki, ga kuɗin da ko na mota bai kai ba, amma ranar Asabar yana fili.

Daga nan ya riƙa hawa a hankali. A 2010 FC Halifax Town ta ɗauke shi, suka ci gasar rukuninsu. A 2011 ya koma Fleetwood Town, ya ci ƙwallo 31 a gasar lig, suka haura. A watan Mayun 2012 Leicester, tana rukuni na biyu, ta saye shi a kan fam miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan da ke ƙasa da manyan rukunai huɗu na Ingila. Yana da shekara 25. Kakar farko ba ta yi masa kyau ba, ƙwallo huɗu kacal ya ci a lig, har ya so ya tattara ya bar wurin, koci Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare suka tausa shi. Kaka ta biyu ya ci 16, suka shigo Firimiya. Ƙwallonsa ta farko a Firimiya, a ragar United ya zura ta, ranar da suka ci su 5-3 a Satumbar 2014. A Yunin 2015 ya fara buga wa Ingila. Ba zan ɓoye muku ba, ba na mayar da shi waliyyi. A wannan shekarar ma an ɗauke shi a bidiyo yana yi wa wani ɗan Asiya kalmar wariyar launin fata a gidan caca, ƙungiyarsa ta ci shi tara, ya fito ya nemi gafara. Abin ya ɓata mini rai da na ji, har yau kuma ban ga dalilin da zai wanke shi ba.

Asabar 28 ga Nuwamba, hunturu ya sauko, ana idar da sallar magariba rumfa ta cika maƙil. Gwangwanin da nake tara kuɗi a ciki har ya ƙi rufuwa. 'Yan Man U sun kame bencin gaba suna cika baki cewa tarihin ɗansu ba mai taɓa shi. Ni ina bakin ƙofa, rabin fuskar talabijin kawai nake hangowa ta saman kawunan mutane. A minti na 24 United ta buga kwana, gola Kasper Schmeichel ya cafke ya miƙa wa Christian Fuchs. Fuchs ya ja ta zuwa tsakiya, ya kalli wani gefe ya zura ta wani gefe. Vardy ya riga ya tsinke a guje ta bayan masu tsaron baya. Ya ɗan taɓa ta, ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa ta wuce De Gea, golan United. Wasa 11 a jere ke nan, ya karya tarihin.

Ban san lokacin da na bar ƙofa ba. Sai ji na yi Kawu ya riƙe mini riga yana cewa, "Kai, lafiyarka? Yaushe ka zama ɗan Leicester? Ga yara can suna shigowa kyauta!" Schweinsteiger na United ya farke da ka kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 1-1, amma ni ban iya tuna komai na ragowar wasan ba.

Daren nan ban runtsa ba. Ina kwance ina lissafi: shekarunmu ɗaya, abin da aka faɗa mana ɗaya, har aikin hannunmu ya yi kama. Mutane a rumfa suna cewa sa'a ce kawai. Ni ban yarda ba. Na san komai da ƙaddarar Allah, amma akwai abu biyu da na gani. Ingila tana da matakan gasa tun daga Firimiya har zuwa ƙungiyoyin ƙauye, kowanne da teburinsa, wanda ya ci ya hau, wanda ya gaza ya sauka, masu neman 'yan wasa kuma suna bi suna kallo. Da aka ture shi daga sama ya samu inda ya dafe. Na biyun shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin ba zan iya ɗora wa kowa shi ba: shi ya koma fili, ni kuwa magana ɗaya ta mutum ɗaya na riƙe shekara 11.

Da asuba na tambayi Umma takalmana. Ta ce, "Wane takalmi kuma? Ai tun shekarar bikin yayarka na ba wa yaron maƙwabta, na ga ƙura kawai yake sha." Na ari na ƙanina, ya matse ni, haka na tafi filin makarantar firamaren unguwarmu. Minti goma sha biyar na yi, ƙirjina ya ɗauki zafi, gwiwa ta ƙi. Na koma gefe na zauna a kan bulo ina haki. A nan na gane abin da ya wuce ya wuce, ƙwallon da zan buga da ƙafata ta riga ta tafi.

Ina zaune sai na lura da wasu yara biyar a bayan raga, ƙanana, ba takalmi, manyan sun hana su shiga. Ɗaya daga cikinsu yana ta ɗaga wata tsohuwar ƙwallo da ƙafar hagu ba ta faɗi ba, na ƙirga masa har sittin. Na kira shi na ce me ya sa ba ya ciki. Ya ce, "Yaya, sun ce in bari sai na girma."

Na ce masa gobe bayan la'asar ya zo da 'yan uwansa, zan taso daga aiki in same su a nan. Ban shawarci kowa ba, ban kuma yi tunanin abin da Baba zai ce ba idan ya ji na koma harkar da ya yi murnar na bari. Ya kuwa ji kafin kwana uku. Yadda muka kwashe da shi, da yadda Leicester ta ɗauki kofi a Mayun 2016, da ranar da rumfar Kawu ta koma ta 'yan Leicester gaba ɗaya saboda Ahmed Musa ya sa hannu a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.