Sikirin ɗin da na canza alhali lafiyarsa lau

Shekarata ta biyu kenan ina koyon gyaran kwamfuta a wani shago nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma a lokacin har na fara jin hannuna ya faɗa, don Oga kan bar mani shago ya tafi Kano sayo kaya. To ranar wata Laraba wata ɗaliba daga jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta shigo da laftof a cikin jakar goyo, duk a rikice, ta ce Malam don Allah a duba mani, furojet ɗina na ciki kuma sati mai zuwa zan kai wa malamina, tun jiya in na kunna sai ta yi baƙi ƙirin.

Na kunna, fanka ta tashi, 'yar fitilar gefe ta kama, ni kuma a daidai lokacin ina ba wani canji ban ma kalli sikirin ɗin ba sai da na juyo, na ga duhu. Na ɗauko tocilar waya na haska a karkace kamar yadda aka koya mani, sai ga hoto can ciki dishi-dishi, wurin sa fasawod da komai. Nan take na yanke hukunci, na ce mata fitilar sikirin ce ta mutu sai an canza. Ta tambayi kuɗi na faɗa mata, ta yi shiru, ta fita waje ta kira yayanta, ta dawo ta ce a yi. Wannan shirun nata har yau yana damuna wallahi.

Na kira Oga na ce ya haɗo da sikirin mai fin 30, inci 15.6. Washegari ya zo da shi, na kwance, na ɗaura sabo, na kunna. Tambarin kamfani ya fito fes da haske, har na fara cewa Alhamdulillahi, ko daƙiƙa goma ba a yi ba sai ɗif, duhu ya dawo kamar jiya.

Oga yana zaune yana cin ƙosai bai ce komai ba sai da ya gama ya goge hannu. Ya ce maido tsohon. Na maido. Ya ce kunna, kuma kar ka ɗauke ido. Na kunna, ai kuwa tsohon ma ga tambari nan da haskensa, sannan ya ɗauke. Ya ce "To kai fitilar da ta mutu ce ta haska maka wannan tambarin?"

Abin da ban tsaya na gane ba kenan. Gwajin tocila gaskiya ne, amma abin da yake faɗa maka kawai shi ne akwai hoto babu haske, bai faɗa maka wa ya kashe hasken ba. Sikirin ɗin laftof ba ya yin haske da kansa, akwai jerin ƙananan fitilun LED a gefensa ta ƙasa da ke haska bayan gilashin. Daga lokacin da ka danna maɓalli har tambari ya wuce, BIOS, wato ɗan sofwayar da ke kan bod (babban allon cikin kwamfuta) mai tayar da ita, shi ne ke riƙe da wannan fitila. Da zarar Windows ko Linux ya fara lodi sai direban hoto, wato sofwayar da ke sarrafa abin da sikirin ke nunawa, ya karɓi ragamar. In haske ya zo a hannun na farko ya tafi a hannun na biyu, to fitila da fiyus da wayar sikirin duk sun riga sun nuna maka suna aiki, matsalar na wajen miƙa ragamar ne. Ni kuma ban ga wannan daƙiƙa goman ba saboda ina lissafin canji, kuma ban tambaye ta ba.

Da ta dawo Oga da kansa ya tambaye ta, ya ce 'yata kafin abin ya faru me aka yi wa kwamfutar? Ta ce wani ɗan ajinsu ne ya sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, saboda aikin furojet ɗin, kuma ranar farko ma ta yi aiki, sai da ta rage haske da daddare don batir ya kai ta, ba wuta a unguwarsu, ta kashe ta kwanta, da safe shikenan. Tambaya ɗaya fa.

Muka jona ta da talabijin ɗin shago ta HDMI, komai ya fito garau, furojet na nan ba abin da ya taɓa shi, abu na farko ma da muka yi shi ne kwafe mata shi a filas. Sannan Oga ya buɗe tamina, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ya shiga /sys/class/backlight. A nan Linux ke ajiye abin da yake sarrafa haske da shi, kowanne akwai fayil mai suna brightness da wani max_brightness. Wanda tsarin ya zaɓa, acpi_video0, ko ka canza lambar cikinsa fitila ba ta motsi, wato yana ta ba da umarni ta ƙofar da babu kowa a bayanta. Gyaran shi ne ka faɗa wa kenel, wato zuciyar Linux, ƙofar da zai bi. Aka sake kunnawa, aka danna Esc har jerin GRUB, wato sofwayar da ke loda Linux, ya fito, a wasu kwamfutocin Shift ake riƙewa, aka danna e, aka nemo layin da ya fara da linux, bayan quiet splash aka ƙara acpi_backlight=vendor, F10. Bai yi ba. Aka sake, wannan karon acpi_backlight=native, sai ga haske ya tsaya har cikin gida, maɓallan Fn na ƙarawa da ragewa ma suka dawo aiki, da muka leƙa folda ɗin sai ga intel_backlight. Amfanin gwadawa ta GRUB shi ne in ka yi kuskure kashewa da kunnawa kawai ya goge shi. Sai da muka tabbatar sannan muka rubuta shi a /etc/default/grub, muka yi sudo update-grub.

Daga baya na ga irin wannan a Windows ya fi a ƙirga, yawanci bayan ofdet. Can kuma abin da nake fara yi shi ne Win da Ctrl da Shift da B tare, yana sake tayar da direban hoto, sai Win da P ko ta tura hoton ne zuwa wani sikirin da babu. In bai yi ba na shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi ba tare da cikakken direban hoto ba, in haske ya zo a can to magana ta ƙare, Device Manager za ni in maida direban baya ko in cire shi.

Ba wai kullum sofwaya ba ce fa. In tun daga dannawar farko babu haske ko na tambari, tocila kuma ta nuna hoto, to nan ne ake ɗauko mitar awon wuta. Fiyus ɗin fitila ɗan mitsitsi ne kusa da soket ɗin sikirin a kan bod, ko wayar ta cinye a wajen hinji saboda buɗewa da rufewa, ko na'urar da ke gane an rufe murfi ta maƙale tana ganin a rufe yake. Tsofaffin laftof masu fitilar CCFL kuma inbata, 'yar na'urar da ke ba fitilar wuta, ita ce ke yawan tafiya, kuma fitilar kan fara yin ja-ja kafin ta mutu. Wani abu da nake roƙon duk mai koyo, don girman Allah cire batir kafin ka zare wayar sikirin, har na ciki wanda sai an kwance ƙasa. A yawancin bod wutar fitila na nan kan soket ko kwamfuta a kashe take, fin biyu su ɗan haɗu kawai fiyus ya tafi, kwamfutar da ta zo da ciwon sofwaya ta koma da na bod a hannunka. Ranar nan sau uku na zare na mayar, Allah ne ya tsare don ba kowane karo na cire ba.

Kuɗinta kuwa Oga ya ce a mayar mata duka, a cire na aiki kawai. Ni na miƙa mata da hannuna na ba ta haƙuri, na faɗa mata gaskiya cewa ban duba da kyau ba ne, ta ce ba komai Malam tunda furojet ya tsira. Sabon sikirin ya zauna a kwali saman kanta wajen wata biyu kafin wani ɗan Batsari ya kawo laftof ɗin da yaro ya taka, muka ɗaura mashi shi.