Sana'ar Gashi da Suya Tsakanin Hunturu da Bazara

A Kano, da zarar hazo ya fara janyewa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kowace matar gida ta san aikin da ke jiranta. Ƙurar da hunturu ya tara a labule da ƙarƙashin gado sai an kakkaɓe ta, a wanke, a sake jere, masu hali ma su yi wa ɗaki sabon fenti. A 'yan shekarun nan wannan gyaran gida ya haɗu da shirin Ƙaramar Sallah, wadda ta kama ranar 10 ga Afrilu a 2024 da ranar 30 ga Maris a 2025, saboda haka mu masu yin cincin da dubulan da alkaki da gireba da kek, waɗannan makonni su ne kakarmu. Daga madafin gidana nake gudanar da sana'ar tare da 'yan matan da nake koya wa aiki, kuma abin da na fi dogara da shi a wannan lokaci shi ne shiri tun da wuri, domin shi ke raba mai sana'a da fargaba.

Shirin yana farawa ne daga kasuwa. Fulawa da sukari da man gyaɗa da bota a kasuwar Singa nake saro su, tun kafin watan azumi ya kama, domin idan aka shiga goman tsakiya cunkoso yana ƙaruwa, farashi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Riɗin da ake barbaɗa wa gireba daga Dawanau yake zuwa, citta da kanumfari da masoron nakiya kuwa a kasuwar Rimi nake samun waɗanda ƙamshinsu bai gudu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, buhun fulawa ya zama abin da ake yi wa lissafi da natsuwa, saboda yawancin alkamar da kamfanoni ke niƙawa daga ƙasashen waje ake shigo da ita da dala. Wannan ne ya sa nake farin ciki da alkamarmu ta gida, wadda manoman rani na Kadawa da kwarin Haɗejiya ke shukawa a farkon sanyi, su girbe ta wajen watan Maris. Sabuwar alkama tana isowa daidai lokacin da ake neman alkaki, kuma a ganina babu wadda ta kai ta.

Alkaki shi ne aikin da ya fi nuna hannun mai yi. Ana ɓarza alkama ta zama tsaki, a murza ta da mai, a kwaɓa da yis ko ɗan nono mai tsami, a rufe a bar ta ta tashi. A cikin hunturu kwaɓin yakan kwana bai gama tashi ba, amma da zafin bazara ya shigo, wanda a Kano yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, sai ya tashi da sauri, idan aka yi sakaci kuma ya yi tsamin da babu sukarin da zai rufe shi. Don haka nake rage yis, in kwaɓa da dare, mu fara mulmulawa da naɗewa bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Ana soya shi a wuta marar ƙarfi har cikinsa ya dahu, sannan a tsoma shi da zafinsa cikin dafaffen sukari ko zuma da aka matsa wa lemon tsami don kada ya daskare ya yi fari. Idan aka ɗaga guda aka ga yana sheƙi, aka karya shi ya yi ƙaras a waje ciki kuma da ɗan danshi, to an dace.

Kek ya fi wahala a wannan yanayi, domin bota tana narkewa tun tana cikin roba, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Ina da murhun gashi mai amfani da gas, amma har yanzu ina koya wa 'yan matan gashin iyayenmu: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa mai, a rufe, a sa garwashi kaɗan a ƙasa, a ɗora mai yawa a kan murfi. Yarinyar da ta iya wannan za ta iya fara tata sana'ar a gidan mijinta ba tare da jiran babban jari ba.

Kayan da muke yi ba su kaɗai suke fita ba. Mai sayen dubulan sau da yawa tana neman faifai mai launi da za ta rufe kwano, ko turaren wuta da humra da za su dace da ɗakin da ta gyara. Ni ba na saƙa faifai, amma ina karɓa daga wasu mata da ke saƙa shi a gidajensu, in haɗa da nawa kayan, kowa ta sami rabonta. Ina ganin wannan haɗin ya fi a zuba komai cikin leda, kuma yana sa kuɗin Sallah ya shiga gidaje da dama.

Maganar damuwa kuwa, na daɗe ina lura da cewa ita ce ke karya mata da yawa a wannan sana'a, tun kafin rashin jari ya karya su. Mace ta karɓi aikin da ya fi ƙarfin tukunyarta saboda kunyar cewa a'a, ta kwana a bakin wuta da azumi a bakinta washegari, mai ya ƙone, kaya su fita ba yadda ake so ba. Ni ƙa'idata a fili take. Duk wadda ta yi oda, ko ta WhatsApp ko ta zo da ƙafarta, sai ta ba da kafin alƙalami, in rubuta sunanta da mudun da take so da ranar karɓa a littafi. Idan wata ta ce, "Hajiya, ki taimaka ki ƙara ni," alhali littafin ya cika, ina ba ta haƙuri in tura ta wurin wata abokiyar sana'a da na yarda da aikinta. Ina rufe karɓar aiki kafin goman ƙarshe, domin ni da yarana mu ma muna da haƙƙin ibada da barci, kuma alkaki da cincin ba sa lalacewa idan an soya su da kyau an adana a mazubi mai murfi.

Bayan Sallah aiki ba ya yankewa, domin bukukuwan aure suna biyowa baya, a shiga haɗa gara, inda ake neman nakiya da alkaki fanteka-fanteka. Daga nan sai in ware ribar da aka samu, in zuba adashi, in gyara murhu, in sayi robobi masu rufewa gam, saboda da ruwan sama ya sauka wajen Mayu ko Yuni danshi zai fara sa cincin yin laushi, kuma dole a canza yadda ake adana shi.